Yashi a Tulun Iya

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya zo sau ɗaya a watan jiya, ya jiƙa ƙasa sosai, masu gonaki a bayan unguwar Takur, nan Dutse, suka fita da sungumi, daga nan ya ɗauke ƙafa. Mako na uku ke nan muna kallon sama. Da rana duwatsun garin nan sai su sha zafi su riƙe, da yamma su sako mana shi a tsakar gida. Masarar da maƙwabciyata ta shuka a bakin katanga ta naɗe ganye. Ni yanzu ba gona gare ni ba, ɗan kantin ƙofar gida ya rufa mana asiri, amma in na ga sama fes haka, cikina yakan riga kaina sani.

Shekaranjiya kuma aka kawo wa masu gini a layinmu yashi. Ina zaune ina tsintar geron kunu, sai na ji lebura yana juye shi daga kwanon gini, shuuu. Faifan ya kusa suɓuce min. An kusa shekara arba'in, amma wannan ƙarar ba ta sake ni ba.

Lokacin muna wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Taura, nesa da kogi, babu fadama sai tudu, gero da wake da 'yar gyaɗa. Gida biyar ne Kirista a garin, saura duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Shekarata uku da aure, ga goyon 'yar fari wata bakwai. A gidan daga ni sai maigidana sai mahaifiyarsa, wadda kowa a garin yake kira Iya. Ita ce ungozomar garin kafin idonta ya rufe, da wuya ka sami gidan da ba ta yanke cibiya a ciki ba. Sa'ad da aka kawo ni ta riga ta makance, amma kunne, kayya! Tana gane mai shigowa daga takunsa, tana gane miyata ta yi ruwa daga ƙarar ludayi. Har na haihu Amarya take ce min, garin duka suka ɗauka. Ni kuwa a lokacin ga baki ga ƙorafi, in an faɗa min ɗaya sai na mayar da uku, ko da a ciki ne.

Iya tana da wani tulu mai ƙaramin baki a ɗakinta, daidai kan gadonta. Daga ranar da muka shiga azuminmu na kwana arba'in kafin Ista, duk sanda aka auno hatsin da za a surfa, kafin ya shiga turmi sai a ɗebi jimƙi ɗaya, iyakar abin da hannu zai damƙa, a zuba a tulun, a kira sunan gida ɗaya a garin a yi masa addu'a. Ba ta zaɓe. Yau gidan mai bishararmu, gobe gidan liman, jibi rugar Fulanin bakin gari. Ko azumi ya wuce ba ta dainawa sai damina ta zauna, sannan a juye a kai wa wanda shekarar ta fi matsa. Takan ce bin Yesu ba sai da babban abu ba, wanda ya kasa ba da jimƙi ba zai ba da dami ba. Da ta daina gani aikin ya dawo kaina. Ni nake aunawa, ni nake shiga in zuba, ita tana zaune a bakin gado ta karkata kai. In ta ji saukar geron sai ta ce, "Yau gidan wane," mu sunkuyar da kai.

Daminar da ta gabata ta cuce mu. Ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar zuba ido, abin da muka girbe rabinsa ƙaiƙayi. Kafin Ista mun fara jin ƙasan rumbu. Maigidana ya tafi cin rani Kano, ya dawo da rabin buhun garin rogo da tari a ƙirji. Da sassafe in goya yarinya in tafi rijiya. An yi wa igiya ƙari har sau biyu, guga ya yi ta sauka, ya fito rabi ruwa rabi laka. In dawo in auna, in surfa, in niƙa a dutse. Dusar da a da awaki muke ba wa, yanzu tukunya take komawa. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon busasshen zogale babu ƙuli sai gishiri, tuwo da yamma kaɗai, malmala ɗai-ɗai. Zafin bazarar nan kuwa, tabarma ma in ka kwanta a kai sai ta gasa ka. Kaji suna maƙale a gindin rumbu baki buɗe.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni nono ne. Yarinyar ta kama ta ja, ta ja, ta saki ta tsala kuka, ta sake kamawa. In juya ta ɗaya ɓangaren, nan ma haka.

Wata rana tun asuba take kuka har hantsi. Na auno geron, na ɗebi jimƙin Iya, na tsaya ina kallonsa a hannuna. Na ce a raina, wannan ludayin kunu biyu ne. Ludayi biyu a cikina nono ne. Kuma wa za a kai wa? Wani can da ban ma san ko wane ne ba tukuna, alhali ga tawa tana shiɗewa a bayana. Na buɗe hannu geron ya koma ƙwarya. To amma tsohuwa tana can tana jira ta ji ƙara. A bakin madafa akwai busasshen yashin da nake goge tukwane da shi. Na damƙa, na shiga ɗakin, na zuba.

Iya ta karkata kai kamar kullum.

"Yau a zuci zan yi," ta ce.

Muka sunkuya, ta yi tata a zuci, na ce amin na fito. Na ce yau kaɗai ne. Bayan kwana uku na sake. Daga baya sai ya zama ranar gero ce ake nema a mako. Na lura Iya ta yawaita addu'ar zuci, na ce yunwa ce ta sa tsohuwa ta gaji da surutu. Wayona ya kai nan.

A cikin kwanakin ne ta fito da wata sabuwar fitina, ni dai haka na ɗauke ta.

"Amarya, abincin safe da na rana sun daina zauna min. Ki riƙa ba ni rabona tsaba a ƙoƙo, in jiƙa in riƙa tsotsa a hankali. Na yamma ya ishe ni."

"Iya, da wane haƙorin?"

"Da wanda Allah Ya bar min. Ke dai ba ni."

Na riƙa ba ta. A raina na ce tsufa ke nan, an fara ɓoye abinci a ƙarƙashin gado. Ban ma ji haushi sosai ba, tunda ta rage min niƙa. Na ga munduwar ƙarfen da ke hannunta ta fara yawo, amma a shekarar wane ne bai rame ba.

Sai ga ruwa. Ya zo da wuri, ya zo da ƙarfi, har kududdufin bayan gari ya kawo. Garin ya ruɗe, kowa ya saɓa sungumi. Iya ta fito bakin ƙofa ta shaƙi iska ta ce wa ɗanta, "Ruwan nan baƙo ne, ba mazauni ba. Ka raba irinka biyu." Ya yi gunaguni amma ya raba, ya shuka rabi, ya ɗaure sauran zangarniyar ya rataye a ɗakinsa. Kwana huɗu gero ya tsiro, gonaki suka yi kore shar, mutane suka fara dariya a bakin rijiya. Daga nan sama ta bushe. Mako ɗaya tsiron ya riƙa sunkuyawa da rana yana miƙewa da safe. Mako na biyu ya daina miƙewa. A na uku iska mai zafi ta taso ta binne abin da ya rage, in ka je gona sai ka rantse ba a taɓa sara a wurin ba.

Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa, maza da yara, an juya riguna. Mu ma muka riƙa taruwa kowace yamma a 'yar majami'armu ta laka. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi.

Ranar wata Laraba da hantsi Malam Hudu ya yi sallama. Maƙwabcinmu ne, danga ɗaya ta raba mu, abokin maigidana tun suna kiwon awaki, kuma 'ya'yansa shida duk Iya ce ta karɓi haihuwarsu. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Iya, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, Malam. Ya iyali? Muryar nan taka ba ta gaisuwa ba ce."

Ya ƙara juya hular.

"Iya, irina na zuba a ƙasa duka. Duka, wallahi. Na ga ruwan nan ya yi ƙarfi na ce bari in riga kowa. Yanzu ko gobe aka yi ruwa ba ni da abin sa wa a rami. Na je kasuwar Taura, mai shi ba ya sayarwa, mai sayarwa kuma ba talaka irina yake jira ba."

Maigidana yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Hudu, ka san abin da ya rage min. Gonata ma da ƙyar."

"Na sani. Ba roƙo na zo ba. Na zo ne in faɗa wa uwa."

Iya ta miƙa hannu baya ta dafa tulun.

"Na bana naka ne, Malam. Tun farkon azumi ake zubawa, kullum, babu fashi. Tsaba ce, ba ta ga turmi ba, za ta tsiro. Ko ba haka ba, Amarya?"

Ina tsaye a bakin turmi, taɓarya a hannu. Na ji bakina ya ce, "Haka ne, Iya."

Malam Hudu ya ce Allahu akbar, ya share fuska da hular. Sannan ya ce, "Amma don Allah kada ku ba ni yanzu. In ya shiga gidana yaran nan suka yi kuka, na san mai ɗakina Binta, na kuma san kaina. Tukunya zai shiga. Ku riƙe min shi a nan. Ranar da ruwa ya sauka zan zo."

Tun daga wannan rana ni kaɗai ce a garin nake tsoron ruwa. Na san abin da na zuba da hannuna. Geron da ke cikin tulun, a sanina, ko kusurwar gonarsa ba zai rufe ba. Mutumin nan kuwa ya daina nema, ya kwantar da hankalinsa a kan maganar Iya da shaidata. In ruwa ya sauka kwana biyu ne ko uku na shuka, wanda ya rasa su ya rasa shekara. Yara shida. A majami'a mai bishara ya ɗaga murya yana roƙon Ubangiji Ya buɗe sama, kowa ya ce amin da ƙarfi, ni kuwa ban ce ba. In hadari ya taso in tsorata, in iska ta watsa shi in ji sanyi a raina, sannan in ji kunyar sanyin. Ga gonarmu ma tana jira, ga 'yata, amma ina can ina roƙon a ƙara min kwana.

Na koma zuba gero na gaske, jimƙi biyu ma, har tuwonmu ya ƙara ƙanƙancewa maigidana ya fara kallon malmala yana kallona. Iya ta dawo kiran gidaje a fili. Amma me kwana goma za su cike a ramin wata biyu? Sau biyu ina shiga ɗakin maigidana yana gona, in tsaya ƙarƙashin irin da ya rataye. Ya san adadin zangarniyarsa kamar yatsunsa, kuma in na taɓa, gonarmu ce za ta zauna fili. Na fito ban taɓa ba, ba don kirki ba, don tsoro. Na yi niyyar faɗa wa Iya ya fi a ƙirga. In shiga, in durƙusa, in buɗe baki, sai in ji na ce, "Iya, a kawo ruwa?"

Abin da ya fi ci min rai Binta ce, matar Malam Hudu. Ta same ni a rijiya ta kama min guga.

"Amarya, Malam ya gaya min. Allah Ya saka muku, Allah Ya raya miki 'yar nan. Wallahi tun ranar yake barci."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar gyaɗa, ba ta fi ƙwaya ashirin ba, ta danƙa min.

"Ki tauna, tana kawo nono. Kada ki ce a'a."

Na karɓa. Na ci kuwa, a hanya, ina kuka ina taunawa.

Ranar da ruwan zai zo tun safe garin ya yi tsit. Babu iska ko ta kaɗa ganye. Gumi yana bin baya, yarinya ta ƙi goyo ta ƙi ƙasa. Tururuwa suka fito layi-layi suna kwashe ƙwai daga gindin danga. Iya ta ce daga ɗaki, "Amarya, shigar da itace." Ana kiran azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, wannan karon hadarin bai watse ba. Iska ta zo da ƙasa ta cika mana ido, ta ɗauke murfin rumbun wani, sannan ta tsaya cak. Ɗigon farko ya faɗo a kan turmi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Na ji guɗa daga gidan su Binta, yara suka fito tsirara suna ihu, maigidana ya tsaya a tsakar gida hannu sama yana cewa mun gode Ubangiji, ruwa yana dukansa. Ni ina rakuɓe a madafa, na rungume yarinya, ina kallon yashin goge tukwane yana narkewa yana bin rariya. Aka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya yi ta zuba har bayan la'asar. Yana tsagaitawa na shiga ɗakin Iya na durƙusa.

"Iya, akwai magana."

"Salamu alaikum!" Malam Hudu ne daga ƙofar gida. Ko ɗigowar indararo bai jira ta tsaya ba.

"Maganar ta jira," in ji Iya. "Ɗauko tulun."

Ƙasa ta jiƙe a waje, don haka a ɗakin aka shimfiɗa tabarma, daidai hasken ƙofa. Malam Hudu ya tsuguna da buhunsa a naɗe a hammata, rigarsa sharkaf. Na ɗago tulun da ƙyar, na miƙa wa maigidana. Ya ji nauyi ya yi dariya ya ce, "Kai, Hudu, bana ka dace." Ya karkata shi. Gero ya fara zubowa, tsabtatacce, yana tsalle a kan tabarma. Ya zubo, ya zubo. Sai launi ya sauya. Sai ƙara ta sauya, shuuu.

Hannun maigidana ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

Ya ƙarasa juyewa, ya sa yatsa ya tona tsibin.

"Na ce mene ne wannan?"

"Ni ce," na ce. "Yashi ne. Ni na riƙa zubawa, geron ina mayarwa tukunya. Ya fi wata biyu."

"Ke! A tulun addu'a? Kika tsaya a gabana kika ce wa mutumin nan haka ne? Mu gida biyar a garin nan, gobe a ce Kirista sun ba maƙwabci yashi ya shuka?"

"Kai, yi mana shiru," in ji Iya. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, idona ba ya gani. Duba min. Zai isa ko ba zai isa ba?"

Malam Hudu bai kalle ni ba. Ya tura hannu cikin tsibin har wuyan hannu, ya gauraya, ya ɗebo, ya bari ya zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ce a ba shi rariya. Na kawo. Ya cika ƙoƙo ɗaya ya tankaɗe, yashi ya zube ƙasa, ya kalli abin da ya saura. Ya ɗebo daga wani gefen ya sake. Ina jin ɗigar ruwa daga bakin jinka, ɗaya, ɗaya.

"Iya, zai rufe babbar gonar. Har da ɗan saura. Ƙaramar in sa mata wake in Allah Ya hore."

Ya mayar da geron da ya tankaɗe cikin yashin ya sake gaurayawa.

"Kuma kada a tankaɗe min. Ai haka muke yi wa riɗi, a haɗa shi da yashi don kada hannu ya zuba da yawa a rami. Da na yi wannan dabarar a shukar farko da ban ƙarar da irina ba. Amarya ta rage min aiki." Ya juya wajen abokinsa. "Kai kuma, abin da aka yi a ɗakin uwa a ɗakin uwa yake zama. Ni iri aka ba ni."

Ya kwashe a buhu, ya yi godiya, ya fita. Maigidana ya bi shi.

Ni kuwa na kasa tashi. Ba kunya ce ta riƙe ni ba, ko da yake tana nan. Geron ne. Na san ranakun da na zuba na gaske, kuma abin da na gani a rariyar nan ya ninka su. Na dubi ƙoƙon da nake kawo wa Iya tsabarta, yana kife a gefen gado, busasshe, babu alamar ya taɓa ganin jiƙo. Na dubi hannunta. Ta ɗaga shi tana gyara ɗankwali, munduwar ta zame ta wuce gwiwar hannu.

Washegari garin duka aka fita gona shuka. Mun gama tamu kafin rana ta take, sannan muka tsallaka gonar Malam Hudu, maza suna sara da sungumi, mu mata muna bi a baya, a jefa a rufe da diddige. Binta tana layin kusa da ni tana waƙa. Kowane rami na sa hannu a ƙoƙo sai in ji yashin nan a ƙarƙashin farcena. Ba ta san komai ba, kuma har ta koma ga Allah ban ji alamar ta sani ba.

Da yamma na kai wa Iya tuwo, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Iya, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko. Gero in ya sauka tsalle yake yi, yashi kuwa zama yake yi. Makancewa na yi, Amarya, ban kurmance ba."

"Me ya hana ki yi min faɗa?"

"In ce me? Ina jin kukan yarinyar nan. Na shayar da bakwai, na binne huɗu, na san kukan da nono ya kasa. Jimƙin nan dole wani ya ba da shi. Ke ba ki da hali, ni kuma cikina ya gama aikinsa. In kin tafi rijiya sai in zuba nawa."

"To ranakun da kike cewa a zuci za ki yi?"

"Gidanmu nake kira. Sunanki." Ta lalubo kwanon. "Ƙaryar da kika yi wa Malam ce kaɗai ta ɓata min rai, don na buɗe miki ƙofa kika ƙi shiga. Wannan ki kai wa Ubangiji, ba ni ba. Ina miyar?"

Damina ta zauna. Gonar Malam Hudu ta tsiro layi-layi, ba ta ma buƙaci tsuge sosai ba. Yunwa ta ƙara tsanani kafin sabon hatsi, amma ga tafasa ga rama a ko'ina, awaki suka sami ciyawa, nonona ya dawo. Maigidana ya yi mako biyu yana yi min magana da hanci, sannan ya huce. Iya ce ba ta dawo ba. Ƙafafunta suka kumbura, tashi ya gagare ta sai an kama. Na riƙa gutsurar nawa ina ƙara mata, ta auna malmalar a tafin hannu ta ce, "Wannan ta fi tawa girma, wa kika zalunta?" Ta ci rabi ta turo min saura. Na yi kuka a bayan rumbu ba sau ɗaya ba, don na san abin da ya cinye ta, kuma na san a cikin wa ya shiga.

Ta kai lokacin tumu. Malam Hudu ya shigo da zangarniyar farko daga babbar gonar, guda biyar, ya ajiye mata a cinya. Ta shafa su tun daga gindi har kai. Na tashi zan gasa mata, ta riƙe ɗaya ɗanya, ta murza a tafin hannu, ta hure, ta lalubo hannuna ta juye min.

"Zuba in ji."

"Iya, ai ba azumi ba ne."

"Ke dai zuba."

Tulun babu komai a ciki. Na zuba, ƙwayoyin suka yi ta tsalle a gindinsa. Ta karkata kai har suka gama. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tambaye ni.

"Yau gidan wa?"

"Gidanmu, Iya. Sunanki."

"To ki yi a fili. Ni ba na son ta zuci."

Na yi a fili. Ba ta ga bazara ta gaba ba. Malam Hudu da 'ya'yansa maza su suka taya haƙa kabarin.

Tulun ya fashe a mota ranar da muka ƙaura Dutse. Yanzu tsohon gwangwanin madara ne a bayan ƙofar ɗakina. Shekaranjiya da leburan nan ya gama juye yashinsa, na ajiye faifan, na damƙi geron kunun na shiga. Na kira gidan maƙwabciyata mai masara. Babu kowa a bakin gado yanzu, amma har yau ba na iya fitowa sai na karkata kai na ji yana tsalle.